Rijiyar Daura da Duwatsun 'Ya'yanta: Tarihin Hawan Dutse da Yara

Wanda ya taso daga Kano ya nufi Daura ta hanyar Kazaure zai ga ƙasa tana sauya kama a gabansa. A wajen Kazaure tsaunuka ne ke yi wa hanya rakiya, wasu a kwance wasu a tsaitsaye, amma da an bar su a baya an shiga ƙasar Daura sai ƙasa ta baje: jigawa da rairayi, gonakin gero da wake da gyaɗa, gawo da kuka nan da can, har iyakar ganin ido. Daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, daga Zango zuwa Ɓaure, babu dutse guda da ya yi sunan da Dala ya yi a Kano, ko Kufena a Zariya. Wannan abin lura ne, domin Daura ce garin da Hausawa suka amince ita ce uwa, alhali uku daga cikin 'ya'yan da ake jingina mata, wato Kano da Zazzau da Rano, duk a gindin duwatsu suka girma. Ita uwar kuwa a bakin rijiya ta zauna. Saboda haka idan aka kawo zancen iyaye su ɗauki ƙananan yara su hau ɗan dutse mai sauƙin hawa, mutumin Daura yana iya cewa ba da shi ake ba, zancen Kanawa ne ko na Turawa. Ni kuwa ina ganin da shi ake, fiye ma da kowa. Labarin rijiyar Kusugu da labarin duwatsun ƙasar Hausa kamar ƙwarya guda ce aka fafe gida biyu, kuma yaron da aka shayar da ruwan Kusugu ba a kai shi ya hau Dala ba, rabin tarihinsa aka ba shi.

A fara da abin da kowane ɗan Daura ya sani tun yana ɗan mitsitsi. Labarin baka ya ce mata ne suka fara riƙe ƙasar, jerin Magajiyoyi tun daga Kufuru har zuwa Daurama, wadda ta taso da fada daga Tsohon Birni zuwa inda garin yake a yau. A zamaninta ne baƙo Bayajidda ya iso cikin dare, bayan ya baro Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, domin macijin da ke cikin rijiyar garin, wanda ake kira Sarki, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, ya sha ya shayar da dokinsa. Daga nan sai aure da sarauniya, sai haihuwar Bawo, sai 'ya'yan Bawo shida waɗanda, haɗe da Biram, suka zama Hausa Bakwai. Rijiyar tana nan a cikin gari, an yi mata gini an killace ta, kuma duk wanda ya tsaya gefe zai ga yadda ake yi da yara a wurin. Uba ya ɗaga ƙaramin ya leƙa bakin rijiyar yana riƙe da shi gam, a zura guga a jawo, a ɗiba a miƙa wa yaro, shi kuwa ya kurɓa yana satar kallon ramin ko wani abu zai leƙo. Ba a rasa wanda zai ce, "Baba, har yanzu macijin yana ciki?" Wannan ita ce makarantar tarihi ta farko ga yaron Daura, kuma makaranta ce mai kyau, domin da ƙafarsa ya zo, da bakinsa ya sha.

Sai dai masana tarihi na zamani ba su taɓa natsuwa da wannan labari a matsayin cikakken bayanin asalin Hausawa ba. A 1966 W. K. R. Hallam ya yi ƙoƙarin danganta Bayajidda da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka har aka kashe shi a 947. A 1970 kuma Abdullahi Smith, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya juya tambayar gaba ɗaya. A wurinsa neman wane baƙo ne ya zo ba ya warware komai. Abin bincike shi ne me ya sa mutane suka taru a wani wuri suka bar wani, har ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa da sarki. Cikin abubuwan da ya nuna akwai duwatsu, kuma John Sutton, wanda ya yi aiki a kan kufai da ganuwoyin wajen Zariya, ya ƙara wa wannan hanyar tunani ƙarfi a 1979. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya sauka a kansa gangarowa yake yi ya taru a gindinsa, don haka ƙasar gindin dutse kan riƙe danshi bayan ɗaukewar damina, a sami fadama, a sami rijiya marar zurfi. Marmara irin ta Dala da Gwauron Dutse tana ɗauke da tama, abin da maƙeri ke nema ido rufe. Wanda ke kan dutse yana hango ƙurar mahara tun daga nesa. Sannan ga imanin mutanen dā cewa duwatsu mazaunin iskoki ne, wanda ya jawo masu neman biyan buƙata daga ko'ina. Gwajin kimiyya da aka yi wa gawayin wani tsohon wurin narka tama a Dala ya nuna ana wannan aiki a wurin tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Bagauda, wanda al'ada ta ce ɗan Bawo ne kuma shi ne sarkin Kano na farko, a shekarar 999 ake sa farkon mulkinsa. Ke nan maƙera sun riga jikan Bayajidda zuwa gindin Dala da shekaru sama da 300.

Shi kansa tsohon littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933, bai ɓoye wannan ba. Bai fara da Bagauda ba, da Barbushe ya fara, wani ƙaƙƙarfan mafarauci daga zuriyar Dala, mutumin da dutsen ya ci sunansa. Bisa ga littafin, a kan dutsen Barbushe yake zaune, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. A waɗannan ranaku jama'a kan taru a gindin Dala daga kowace kusurwa, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, shi kuma ya shiga wurin Tsumburbura, wata itaciya da aka kewaye da katanga, wadda ba mai shiga sai shi, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. A lura da tsarin: mutum ɗaya a sama, jama'a a ƙasa suna jira. Sarakunan da suka biyo baya sun daɗe suna kokawa da wannan tsari. Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya fara ginin ganuwa. Tsamiya, daga 1307 zuwa 1343, ya fasa wurin tsafin. A zamanin Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo da Musulunci fada. Kafin ƙarshen mulkin Muhammadu Rumfa a 1499, fada ta tashi zuwa gidan da ake kira da sunansa har yau, Kurmi ta zama kasuwa, Dala kuma ya koma dutse kawai a cikin gari. Shekaru wajen 500 aka kwashe kafin a kai ga haka.

A nan ne labaran biyu suke haɗuwa, kuma abin mamaki ne yadda ba a cika jera su tare ba. A Daura akwai wani abu mai ban tsoro da ya tsare abin da jama'a ba za su rayu ba sai da shi, ya kuma ƙayyade musu rana ɗaya a mako. A Kano akwai wani abu mai ban tsoro da ya tsare wurin da ruwa da tama da mafaka suke, ya ƙayyade musu kwana biyu a shekara, ta bakin mutum ɗaya. A duka biyun, sarauta irin wadda muka sani tana kafuwa ne daidai lokacin da aka karya wannan ƙayyadewa, wurin ya zama na kowa. Har da wata 'yar igiya da ta ɗaure labaran: wuƙar da ta kashe macijin Kusugu maƙeran Gaya ne suka ƙera ta, kuma labarin bakan Kanawa ya ce mutanen da suka fara zama a gindin Dala, Abagayawa, maƙera ne da suka zo daga Gaya neman tama. Ko da mutum bai ɗauki ko ɗaya daga cikin labaran a matsayin abin da ya faru dalla-dalla ba, ba zai musa cewa masu ba da su sun san ƙarfe da ruwa da mulki tafiyarsu ɗaya ba. Don haka yaron da ke kurɓar ruwan Kusugu ranar Talata, da yaron da ke tsalle a kan Dala, abu ɗaya suke yi: suna shiga inda kakanninsu suka ji tsoron shiga, ba tare da sun nemi izinin kowane dodo ba.

Kanawa sun mayar da wannan shiga al'ada ta shekara-shekara. Ranar Takutaha, 19 ga watan Rabi'ul Awwal, mako guda bayan Mauludi, jama'a kan yi dafifi su hau Dala, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. Tun da hantsi lungunan Dala da Yalwa da Gwammaja kan cika da yara cikin sababbin kaya, 'yan mata da lalle a hannu, masu rake da alawa da zoɓo sun kafa a gindin dutsen. Yaya na riƙe da hannun ƙane, wata ta goya ƙanwarta, ana bin matakalar siminti ana hutawa ana ci gaba. Ana cewa tsayin Dala mita 534 ne, amma wannan lissafi daga gaɓar teku ake yinsa, shi birnin kansa kuma yana kan tudun da ya haura mita 450, don haka abin da ƙafa ke hawa 'yan gomomin mita ne kawai, hawan da ɗan shekara biyar zai iya idan an bi shi a hankali. A sama fili ne shimfiɗaɗɗe na jar marmara, daga nan yaro ke ganin hasumiyoyin Babban Masallaci, da Gwauron Dutse can yamma, da rufin gidaje har inda ido ya gaza, yana ta neman nasu gidan da yatsa. Ana saɓani a kan mafarin wannan al'ada: wasu na ganin ragowar taron gindin Dala ne na zamanin Barbushe da Musulunci ya sauya wa ma'ana, wasu na ganin murnar haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ita ce asalinta tun farko. Kowanne aka ɗauka, tsarin dā ya kife: a dā na sama ne ke saukowa, yanzu na ƙasa ne ke hawa. A cikin wannan watan ne kuma Daura ke yin Sallar Gani, Sarki ya yi hawa, hakimai su shigo da dawakansu, baƙi su zo har daga Nijar. Wata ɗaya, garuruwa biyu, kowanne yana komawa wurin da ya ce daga nan ya fara.

Kada a ɗauka Takutaha ce kaɗai shaida. A Birnin Kudu, a tsakiyar shekarun 1950, an gano zane-zanen shanu a jikin duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kiwo a yau ba. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi rubutu a kan abin da ya tarar a kusa da waɗannan zane-zane: duwatsu masu amo idan an buge su, da kuma wuraren sulu, inda jikin dutse ya yi sumul saboda yawan zamewar da yara ke yi a kai. Wannan shaida ce da ba ta buƙatar littafi. Dutse mai tauri ba ya yin santsi da wasan shekara goma ko ashirin. Sai yara sun gaji wurin daga yara, zuriya bayan zuriya.

Suka ta farko da za a yi wa wannan magana ita ce hawan dutse don nishaɗi ɗabi'ar Bature ce, ta wanda ya ƙoshi ya rasa abin yi. Bahaushe in ya hau dutse, akuyarsa ce ta ɓace. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Hawan tsauni a matsayin wasa mai kayan aiki da ƙungiyoyi a Turai ya taso: an fara kaiwa ƙololuwar Mont Blanc a 1786, an kafa ƙungiyar masu hawan tsaunukan Alps a Landan a 1857. Kuma sanannen hoton birnin Kano na ƙarni na 19 daga kan Dala aka zana shi, bayan Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya hau dutsen a 1851. Amma wannan suka ta cakuɗa abubuwa biyu. Abin da Turawa suka ƙirƙiro shi ne gasar kaiwa inda ba a taɓa kaiwa ba, da igiya da ƙusa da kasada. Abin da ake magana a nan shi ne uba da uwa da yara su hau tudun da ke bayan gari su sauko kafin rana ta yi zafi. Lokacin da Barth ya hau Dala, mutane sun shekara sama da 1,000 suna zaune a gindinsa. Idan wani sabon abu ya shigo daga waje, to sunan da ake ba abin ne da jakar da ake ratayawa a baya.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba a kawar da ita da wasa. Masu ita na cewa waɗannan duwatsu wuraren tsafi ne, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da malaman da suka gabace shi sun yi kakkausan wa'azi a kan yanka ga duwatsu da itatuwa, don haka kai yaro irin wannan wuri buɗe ƙofa ne ga abin da aka sha wahala kafin a rufe. Amsar tana cikin abin da aka hana ɗin. Yanka aka hana, da roƙo, da ɗaukar cewa dutse ko abin da ke cikinsa yana amfanarwa ko cutarwa. Uban da ya hana ɗansa kusantar dutse don tsoron iskokin da ke kai, ya ba dutsen irin girman da Barbushe ya ba shi, ko da bai yanka kaza ba. Wanda kuwa ya kama hannun ɗansa suka hau, ya nuna masa cewa a nan mutanen dā suka taru suna tsoro, ga shi yau ba komai sai marmara da iska, ya koya masa tauhidi a aikace. Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya yi kira a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Alhazanmu kan hau Jabalun Nur su ga kogon Hira, su hau ɗan tudun maharba a Uhudu; malamai na jan kunne cewa wannan ba ya cikin aikin Hajji, kuma kada a shafi dutse don neman tabarruki, amma darasin da ke cikin ganin wurin da ido ba mai musunsa. Wannan ƙa'ida ita ce ta dace da Dala, ita ce kuma ta dace da Kusugu, domin idan akwai haɗarin a wuce gona da iri a kan dutse, akwai shi a bakin rijiya ga mai ɗaukar ruwanta a matsayin maganin kowace cuta. Inda masu sukar suka fi gaskiya shi ne ƙorafinsu a kan cunkoso da cakuɗuwa da rashin tarbiyyar wasu matasa ranar Takutaha. Sai dai wannan hujja ce ta iyaye su tafi tare da yaransu, ko su zaɓi ranar da babu taro. Barin wurin ga marasa kunya ba ya gyara shi.

Suka ta uku daga Daura take fitowa, kuma ta kishin gida ce. Idan aka yarda maƙera na zaune a Dala tun kafin a haifi Bagauda, ina matsayin Daura na uwa? Ba rage mata daraja ake so a yi ba? Tarihin Daura na ƙarni na 19 ya isa amsa. Lokacin jihadi, wajen 1805, Malam Ishaku ya karɓi garin, sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita. A wasu wurare waɗanda suka ƙi miƙa wuya duwatsu suka nufa: sarakunan Haɓe na Zazzau sun gangara kudu suka kafa Abuja ta asali, Suleja ta yau, a 1828, kusa da dutsen Zuma, tsaunukan Ningi sun zama mafakar waɗanda suka daɗe suna hana Kano barci, Ɗantunku, wanda ya yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo tawaye, zuriyarsa a cikin tsaunukan Kazaure ta kafu, a ƙasar da aka yanko daga Kano da Katsina da Daura. Gidan sarautar Daura bai da dutsen da zai jingina da shi. Ya rabu, wasu a Zango wasu a Ɓaure, a fili fetal, ƙarƙashin inuwar Damagaram. Duk da haka bai ɓace ba. Bayan kusan shekara 100, a 1904, Turawan Ingila suka mayar da Malam Musa kan gadon kakanninsa, abin da ba su yi wa gidajen Haɓe na Kano da Katsina da Zazzau ba. Daga shi sai Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sai Umar Faruk Umar. M. G. Smith ya bi diddigin wannan rabuwa da haɗuwa a littafinsa kan Daura na 1978. Abin da ya riƙe gidan nan tsawon ƙarni guda ba tsauni ba ne, ba kuma yawan dakaru ba. Yardar da kowa ya yi ne cewa asalin sarauta a hannunsu yake.

To wannan yarda ita ce darajar Daura, kuma gawayin Dala bai taɓa ta ba. Labarin Bayajidda, idan aka karanta shi da kyau, bai ce babu mutane kafin baƙon ya zo ba; ai gari ya tarar, da sarauniya, da tsohuwa mai guga, da maƙera a Gaya. Abin da yake bayani shi ne yadda masarautu daban-daban suka amince su 'yan uwa ne, suka kuma zaɓi inda za su ƙulla zumuncin. Abin da ya kamata a yi mamaki shi ne Kano, mai dutse da tama da kasuwar da ta kai har Tarabulus, ta yarda a kira ta 'ya, ta bar wa garin rairayi matsayin uwa. Yaron Daura ba zai gane girman wannan ba sai ya tsaya a kan Dala ya ga faɗin birnin da ya yarda daga garinsu sarautarsa ta fito.

Saura sukar da ba ta da amsa a littafi, wato ta tsaro. Dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bunguɗu, wanda a dā ake taruwa kowace shekara don bikin kamun maiki, yana cikin yankin da 'yan bindiga suka addaba, haka wasu dazuzzuka da duwatsun yammacin Jihar Katsina. Babu mai hankalin da zai ce a kwashi yara a kai su can a halin da ake ciki. Dala yana tsakiyar gari, matsalarsa daban ce: zaizaya na cin gefensa, gidaje sun matse gindinsa, shara na taruwa. Tun 2007 Nijeriya ta sa shi, tare da ganuwar Kano da kasuwar Kurmi da gidan Sarki, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma sa suna a takarda ba ya tare zaizaya. Ga mai ƙananan yara, dabarar ba ta da yawa. Kaka ta fi, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazon hunturu ya rufe gari a kasa ganin komai. A hau da sassafe, ba da tsakar ranar bazara ba. A bi matakala, kada a bar yaro ya matsa gefe, a ɗauki ruwa, a sa masa takalmin da ba ya zamewa. A Kufena da duwatsu irinsa kuwa, a guji hawa bayan an yi ruwa, domin jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi.

Makarantun firamare da na Islamiyya a Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa ba su da nisa da Kusugu, kuma kai ɗalibai can ba baƙon abu ba ne. Abin da ya rage shi ne ɗaya rabin. Daga Daura zuwa Kano tafiyar je-ka-ka-dawo ce a yini guda, tsaunukan Kazaure na kan hanya, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura. Ina kira ga masarautar Daura da malaman makarantu da iyaye su haɗa ziyarar biyu a zango ɗaya na karatu: a shayar da yara ruwan Kusugu a ba su labarin Daurama, sannan a kai su su hau Dala a ba su na Barbushe da maƙeran Gaya. Su ma Kanawa da Zazzagawa da ke hawa nasu duwatsun, su kawo yaransu Daura su leƙa rijiyar.